Rijiya, Fitila, Shara ko Bishiya: Ina Ƙaramar Hukuma Za Ta Fara Rage Hayaƙi a Kano?

Duk ciyaman ko kansilan da ya furta cewa zai taɓa maganar rage hayaƙi a ƙwaryar birnin Kano, ba ya rasa masu kawo masa takarda. Wannan ya zo da fitilun sola na kan titi, wancan ya zo da dashen bishiya dubu goma, wani ya ce a mayar da adaidaita sahu masu aiki da iskar gas, wani kuma injin ƙona shara yake tallatawa. Kowa da hotonsa mai ɗaukar ido. Kuɗin kuwa da ƙyar zai isa aiki biyu, balle biyar.

Tushen maganar daga sama ya fito. A watan Nuwamban 2021, a taron sauyin yanayi na birnin Glasgow, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 iskar kabon da Nijeriya ke fitarwa ba za ta wuce wadda ake zuƙewa ba, kuma a cikin watan ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. To amma alkawarin Abuja daban, abin da ke hannun ƙaramar hukuma daban. Tsarin mulkin 1999 ya fayyace nata: fitilun titi, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, kwashe shara, lasisin gidajen burodi da na abinci, da hannu a firamare da asibitocin sha-ka-tafi. A cikin wannan da'irar Dala, Fagge, Gwale, Birni da Kewaye, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo za su yi zaɓi, ba a wajenta ba. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa ba nasu ba ne.

Da lita za mu yi lissafi, ba da naira ba, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi bai zauna wuri guda ba. Litar fetur idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. Litar dizal, wanda mutanen gari ke kira gas, kimanin kilo 2.7. Yunit ɗaya na wuta, irin wanda mita ke ci, idan daga babban janaretan dizal ya fito yana ɗauke da kusan kilo 0.8 zuwa 0.9, daga ƙaramin janaretan fetur ya kan haura kilo ɗaya da rabi, daga wutar kamfanin rarraba lantarki na KEDCO kuwa, wadda akasarinta daga tashoshin iskar gas da madatsun Kainji, Jebba da Shiroro take, kusan rabin na dizal ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda ya kamata ido ya fara sauka: duk inda ƙaramin janareta ke kuka kullum.

Rijiyar burtsatse

Ɗauki rijiyar unguwa mai tanki a sama, wadda ke ba da lita 20,000 a rana, wato jarka 800 masu cin lita 25. A ce daga matakin ruwa a cikin rami zuwa bakin tanki mita 60 ne. Ɗaga wannan ruwan yana cin kusan yunit 7 a rana idan aka haɗa da asarar famfon cikin rijiya, wanda masu aikin ke kira sumo. Ƙaramin janareta zai sha kamar lita 5 na fetur kafin ya ba da yunit bakwai ɗin. Lita biyar kullum, a shekara ya haura lita 1,800, wato sama da tan 4 na iskar kabon daga rijiya ɗaya tak.

Abin da zai maye gurbinsa farantan sola ne na kilowat 2 zuwa 2.4 da na'urar da ke juya wutarsu ta tuƙa sumo. Babu batir. Nan ne rijiya ta yi wa sauran ayyukan zarra, domin tankin shi ne ma'ajiyar: rana ta ɗaga ruwa, dare a sha. A Kano kilowat ɗaya na faranti mai tsabta yana ba da yunit 4 da rabi zuwa 5 a rana, kuma faranti na gaske yana wuce shekara ashirin yana aiki. Kowane kilowat a nan yana kashe kusan tan biyu a shekara, abin da ba za a samu a ofis ba.

Sai dai rijiyoyin sola da suka mutu a cikin gari ba su da iyaka, kuma dalilan sanannu ne.

Na farko, ƙasar Kano dutse ne a ƙarƙashi, ruwan yana cikin tsagogi da ruɓaɓɓen dutse, ba kogi ba ne a kwance. Janareta ana iya kunna shi safe da yamma a bar rijiya ta taru. Sola kuwa da tsakar rana take ja da dukkan ƙarfinta, kuma lita 20,000 cikin awa shida zuwa bakwai yana nufin lita 3,000 kowace awa. Rijiyar da ba ta iya ba da haka za ta ƙafe, sumo ya juya a bushe, ya ƙone. Don haka kafin a sayi faranti ko ɗaya, a yi gwajin ja na awa 24, kuma a yi shi a Afrilu ko Mayu lokacin da ruwa ya yi ƙasa, ba a Satumba ba da ko ramin bayan gida cike yake. A sa na'urar da ke kashe sumo idan ruwa ya sauka, da wata a tanki mai tsayar da shi idan ya cika.

Na biyu, kuskuren ƙarfin wuta. Idan tsohon sumo mai amfani da wutar gida za a ci gaba da shi, na'urar da ke tuƙa shi tana son kusan volt 300 daga farantai. Ɗan kwangila sai ya kawo manya guda huɗu masu wat 550, ya ce ai jimilla ta kai kilowat 2.2. Jimilla ta kai, amma huɗun a jere volt 160 da 'yan kai suke bayarwa, na'ura ba za ta tashi ba. Ko dai a jera takwas zuwa tara masu wat 300, ko a sauya sumo da wanda aka ƙera don sola kai tsaye.

Na uku, tanki. Wanda ya isa lokacin janareta ba zai isa yanzu ba. A yi shi ya ɗauki ruwan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu, saboda ranakun hadari na Agusta da ranakun da hazo ya rufe gari. Ƙafafun ƙarfen kuma a tuna kowane lita 1,000 tan guda ne.

Sauran kula ce ta yau da kullum. A fuskantar da faranti kudu, a karkata shi digiri 10 zuwa 15. Wanda aka shimfiɗa a kwance ƙura da kashin tsuntsu suke zama a kansa, ruwan sama ma ba ya wanke shi. Je ka duba farantin da ya yi wata guda cikin hunturu ba a taɓa ba, ka ja yatsa a kai, sai ka ga layi baƙi ya fito a cikin jar ƙura kamar an yi rubutu a allo. Wannan ƙurar tana iya cinye kashi ɗaya cikin biyar na wutar, wani lokacin fiye. Wanki sau ɗaya a mako a lokacin, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi, da ruwa zalla da tsumma mai laushi, ba omo. A bar iska tana ratsawa ta ƙasan faranti, domin a bazara yana kaiwa digiri 60 zuwa 65, kuma kowane digiri sama da 25 yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A binne sandar tagulla saboda tsawa. A ɗaure da noti irin wanda kansa ke karyewa bayan ɗauri. Sannan a zauna da 'yan garuwa da mai unguwa a tsayar da kuɗin jarka kaɗan, domin rijiyar da babu asusun gyara ranar da sumo ya tsaya ranar ta mutu.

Sakatariya da asibiti

Sakatariya ita ce babbar giwa a lissafin tan. Janareta mai kVA 100 da ke ɗauke da rabin nauyinsa yana shan kamar lita 12 a awa. Idan yana awa takwas a ranakun aiki, ana maganar lita 24,000 a shekara, tan 65 ke nan. Maye gurbinsa na buƙatar kusan kilowat 70 na faranti, wato guda 130 masu wat 550, da rufin da zai iya ɗaukarsu. Kowane kilowat a nan bai cika kashe tan ɗaya ba, rabin na rijiya, saboda babban inji ya fi ƙarami tsimin mai, ga Asabar da Lahadi da yammacin Juma'a da rana ke dukan faranti babu mai amfani.

Fa'idarsa ita ce aikin ofis na rana ne, batir kaɗan ya wadatar. Kuma an riga an ga irinsa a gari: Jami'ar Bayero ta samu tashar haɗin sola da janareta mai megawat 7.1 a 2019, Kasuwar Sabon Gari ta samu nata tsarin na shaguna, sannan aka buɗe tashar megawat 10 a Kumbotso a Janairun 2023. Masu ilimin haɗawa da gyarawa akwai su.

Kafin a auna faranti a fara rage kaya. Tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki su ke cinye fiye da rabin wutar ofis. A sauya su da masu inbata, a gyara tagogin da ba sa rufuwa, a yi silin. Kowane yunit da aka hana ci ya fi arha a kan wanda za a samar. Idan za a haɗa sola da janareta su yi aiki tare, kada a bar nauyin janareta ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin ɗari. Dizal ba ya ƙonewa sosai a haka, baƙin mai ya riƙa tsiyaya daga salansa, zobban fistin su toshe. Sau da yawa gara a sayar da babban a sayi ƙarami na ko-ta-kwana.

Asibitin sha-ka-tafi lissafinsa daban. Hayaƙin da zai rage kaɗan ne, amma haihuwa ba ta jiran gari ya waye, don haka yana cikin jerin farko ko da kabon bai sa shi ba. Matsakaici yana zama lafiya da faranti kilowat 3, inbata kVA 5 da batir mai yunit 10. A nan zaɓin batir shi ne komai. Batirin ruwa yana da arha a ranar saye, amma rabinsa kawai ake iya sha ba tare da an illata shi ba, kuma duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba rayuwarsa biyu. A ɗakin ajiya mai rufin kwano a watan Afrilu, shekara biyu ma sai an yi sa'a. Na litiyam, irin mai sinadarin ƙarfe da fosfet, ana shan kashi 80 zuwa 90 nasa, yana jure caji dubbai, kuma ba ya neman a ƙara masa ruwa. Firjin rigakafi a sayi wanda ke aiki da farantinsa kai tsaye yana tara sanyi a ƙanƙara, kada a jingina shi da inbata. A kuma raba layi: soket ɗin da za a iya soka hita ko dutsen guga kada ya hau kan batir, in ba haka ba shayin mai gadi zai kashe fitilar ɗakin haihuwa.

Fitilun titi

Su ne 'yan siyasa suka fi so, don ana ganinsu. A takarda kuma ba su da laifi. Tsohuwar fitila mai ruwan ɗorawa mai wat 250 tana cin sama da yunit 3 a dare. Idan janaretan dizal na gefen titi ke ba ta wuta, kamar yadda aka saba gani a manyan titunan Kano, lita guda ke nan kowane dare, kusan tan ɗaya a shekara a kan kowane fal. Fal huɗu sun yi daidai da rijiya ɗaya. Ko ba a sa sola ba, sauya kan fitilar da LED mai wat 80 zuwa 100 yana zubar da kashi biyu cikin uku na man.

Matsalar ita ce yawancin fitilun da ƙananan hukumomi ke kafawa ba sa maye gurbin komai. Lungun da dama duhu ne aka haska shi. Wannan aikin tsaro ne, kuma mai kyau, amma ko giram ɗaya na hayaƙi bai rage ba, kada a rubuta shi a wannan babin.

Sai ingancin kaya. Fitilar da ke da faranti da batir duk a kai ɗaya, an rubuta mata wat 300 ko 500 a kwali, lissafi kaɗan ke tona ta. Fitila mai wat 40 na gaskiya, idan ta yi awa biyar da cikakken haske sannan awa bakwai a kashi 30, tana cin kusan wat-awa 285 a dare. Don ta jure dare biyu tana son batir mai volt 12.8 da amfiya-awa 50, da faranti wat 100 zuwa 120. Farantin wat ɗari kuwa ya kai rabin murabba'in mita. Idan farantin da ke kan fitila bai fi faifan tuwo ba, ba sai an kira injiniya ba. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare za ta fara lumshewa, bayan damina biyu ta zama ado. Masu batir a akwati a gindin fal kuwa ɓarayi sun san su. Ko mai kyau ce, batirinta zai nemi canji cikin shekara biyar zuwa takwas, kuma wanke faranti a saman fal mai mita takwas sai da mota mai tsani. Wannan ne ya sa muke ajiye ta a bayan rijiya duk da lissafinsu ya yi kusa.

Shara

Nan ne hayaƙin da ba a gani yake. Kayan da ke ruɓewa inda iska ba ta shiga suna fitar da iskar metan, wadda a cikin shekara ɗari ta fi kabon ɗumama duniya kusan sau 28, a cikin shekara ashirin kuwa kusan sau 80. Ƙaramin juji busasshe ba ya fitar da ita da yawa. Mafi muni shi ne kududdufin da ake cikewa da shara don a sami fili, domin ruwa ya toshe iska, ruɓa ta yi ta tafasa a ƙasa shekaru. Ga shi kuma an rufe wa ruwan sama masauki, ya koma gidajen mutane. Cinna wa bola wuta ba magani ba ne. Leda da roba mai ne, ƙona su kamar ƙona fetur ne, ga baƙin hayaƙi a ƙirjin yara.

Hanya uku ake kawowa. Injin ƙona shara don samar da wuta a cire shi tun yanzu: sharar Kano cike take da ƙasa da toka da ɗanyen kaya, ba ta ci da kanta, sai an ƙara mata mai.

Ta biyu ita ce taki, kuma ba baƙon abu ba ne. Tun kaka da kakanni manoman kewayen birni ke shigowa da jakuna da mangala a rani su kwashi takin gari su kai gona. Da haka ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu ta riƙe albarkarta. Abin da ya ɓata cinikin shi ne leda, kwalba, batir da allura da suka cakuɗe a ciki. Don haka kada a fara da sharar gidaje. A fara daga inda ruɓaɓɓen kaya ke fita shi kaɗai: kasuwar 'Yan Kaba, 'Yan Lemo, Rimi, da turakun dabbobi. Tumatir da kabeji da lemo sun cika ruwa, su kaɗai za su narke su yi wari. Kowane awo ɗaya na ɗanye a haɗa shi da biyu na busasshe, kamar ɓuntun shinkafa, yankakken kara, busasshen ganye ko garin katako, a yayyafa kashin dabbobi. A ja kunya mai tsayin mita ɗaya da rabi, faɗin mita biyu zuwa uku, a kan daɓe mai ɗan gangara. Gwajin laima da hannu ake yi: ka damƙi cikin tafi ka matse, ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu. Idan ya tsiyaya ya yi yawa, idan ya warwatse a ƙara ruwa. Cikin kwana uku zuwa biyar cikinsa zai kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. A juya duk mako. Cikin mako takwas zuwa goma sha biyu ya nuna, ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar farkon damina. Tan ɗaya na kaya yana barin kamar kilo 300 zuwa 400.

Yana lalacewa ta fuska biyu, kuma kowanne da lokacinsa. A hunturu iska tana busar da kunya ta daina aiki, sai an rufe da tsofaffin buhuna ana yayyafi. A Agusta ruwa ya jiƙa ta, iska ta daina shiga, ta koma fitar da metan ɗin da aka gudu. Rumfa ko tamfol ya zama dole. Kada dattin majema na zamani ko ruwan masana'anta ya kusance ta, akwai sinadarin kuromiyam a ciki. Tsadar aikin ba ta inji ba ce, ta fili ce da ma'aikata da jigila, shi ya sa filin ya zama kusa da kasuwa, kuma a daidaita da REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha, tun farko kan wa ke kwasar me. Da tsadar takin zamani, masu saye ba za su yi wuya ba, musamman masu lambu.

Ta uku ita ce rumbun iskar girki a mayanka. Tan ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da kimanin kubik mita 30 zuwa 40 na iska, kowane kubik kuma ya kusa kilo 0.4 na gas ɗin girki. Ana dama shi da ruwa daidai wa daida, ya zauna kwana 30 zuwa 40 a rumbu. Ya dace da Abbatuwa, inda kayan ciki ke fita kullum kuma ake buƙatar wuta don babbaka da tafasa ruwa, maimakon tayar mota da wasu ke ƙonawa. Amma yana son ciyarwa kullum kamar jariri, yana son ruwa, sanyin Disamba da Janairu na rage masa ƙarfi, yashi na taruwa ya cike shi, kuma rumbun da ke yoyo ya fi babu muni tunda metan tsantsa yake saki. Sai inda mahauta da kansu za su riƙe shi.

Adaidaita sahu da murhu

Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, adaidaita ta zama ƙafar gari. Wadda ke shan lita 6 a rana, kwana 300 a shekara, tana fitar da kusan tan 4, daidai da rijiyarmu. Mayar da ita CNG, wato iskar gas da aka matse a tukunya, yana rage kabon da kashi 20 zuwa 25 ne kawai. Babbar ribarsa a aljihun direba take da tsabtar iskar titi. Tukunyar tana riƙe matsi mai tsanani, har bar 200 a ma'aunin matsi, don haka tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa bam ce. Inda gas bai zo ta bututu ba sai an ɗauko shi a tirela, kuma wannan ne ya sa ake ta zancen bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano. Mai lantarki tana cin kamar yunit 10 a irin wannan zirga-zirgar. Caji daga sola, hayaƙi ya kusa ƙarewa. Daga KEDCO, ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Daga janaretan dizal, kilo 8 zuwa 9 a maimakon 14, an dai matsar da salansa zuwa bayan shago. Rajista da dokar hanya na jiha ne da hukumarta ta kula da zirga-zirga, KAROTA. Abin da ƙaramar hukuma ke da shi tasha ce: ta ba da fili da rumfa ga mai son kafa wurin musayar batir da sola a kai, ta bar sayen kekuna ga masu jari. Hukumar da ta sayi kekuna ta raba, an san inda suke ƙarewa.

Itace da gawayi ma haka. Murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 na zafi kawai yake kaiwa tukunya, ingantacce yana ninka haka, kuma kilo ɗaya na gawayi yana cin kilo biyar zuwa takwas na itace a ramin gargajiya. Raba murhu gida gida yana da wuyar bibiya. Gidajen burodi, masu gurasa, masu abincin sayarwa da makarantun kwana su ne ke sauke itace mota mota, kuma lasisin da yawansu a hannun ƙaramar hukuma yake. Ragin kuɗin lasisi ga wanda ya gyara tanderunsa ko ya koma gas ya fi rabon kyauta tasiri.

Bishiya fa? A dasa, amma kada a yaudari kai. Babbar bishiya tana zuƙar kilo 10 zuwa 25 a shekara, wato sai an raya wajen 200 sun girma kafin su yi aikin rijiya ɗaya da aka raba da janareta. Amfaninta inuwa ne, da sassauta zafin kwalta, da tare ƙura. Ɗari biyar da aka dasa a Yuli, aka kewaye saboda awaki, aka ba kowacce jarka guda sau biyu a mako har rani biyu, sun fi dubu goma na ranar biki. Darbejiya, maɗaci da tsamiya suna jurewa. Turare kuwa a nisanta shi da rijiya da gini.

Ga mai kuɗin aiki ɗaya, rijiyoyin da ke kan janareta. Mai na biyu ya ƙara asibitoci da fitilun da ke kan dizal. Takin kasuwa a fara shi ƙarami a lokaci guda, tunda fili da mutane yake ci ba kayan waje ba. Sakatariya ta biyo bayan an rage mata kaya.

Duk wannan yana tsayawa ne a kan littafin mai. Kafin a taɓa komai, a yi wata uku ana rubuta litar da kowane janareta ya sha da awannin da ya yi, a sa masa agogon awa wanda ba a mayar da shi baya. A nan ake fara jin turjiya, domin kuɗin dizal abinci ne ga wasu, kuma sola da ta lalace ba dalili kwana biyu bayan an kafa ta ba kullum laifin ƙura ba ne. A takardar kwangila a rubuta abin da ake so a samu, ba kayan da za a kawo ba: lita nawa a rana a watan Afrilu, awa nawa na haske a dare na biyu bayan hadari. A sa mitar ruwa a bakin tanki. A karɓi lambar kowane faranti da batir a ajiye a fayil. A riƙe kashi 10 zuwa 15 na kuɗin ɗan kwangila har kayan su ga hunturu ɗaya da bazara ɗaya, sannan a ware kuɗin wanki da gyara a kasafin kowace shekara da sunan ma'aikacin da zai sa hannu duk mako.